Ƙwayar barci da masu naƙasar fahimta a masarautar Gumel

Diyazafam, wanda aka fara sayarwa a 1963 da sunan Valium, yana cikin dangin magungunan benzodiyazafin, waɗanda ke rage kaifin aikin ƙwaƙwalwa har jiki ya saki, barci ya zo. Amfaninsa wajen tsayar da farfaɗiya a asibiti ba abin musu ba ne.

Damuwar tana ga masu naƙasar fahimta, wato waɗanda suka taso da jinkirin koyo tun ƙuruciya, wanda ya sha bamban da taɓin hankali. A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, da Maigatari mai babbar kasuwar kan iyaka, iyalin da ɗawainiya ta gajiyar suna iya neman ƙwayar a kemis don yaro ya natsu, alhali doka ta hana sayar da ita sai da takardar likita. A wasu masu wannan lalura maganin yakan ƙara fushi da duka ne, sai a ƙara masa ƙwaya, kuma bayan 'yan makonni jiki ya saba, ta yadda yankewa farat ɗaya kan jawo jijjiga.

Sau da yawa ihun wanda ba ya iya bayani ciwon haƙori ne ko na kunne, don haka ya kamata a fara duba shi a Babban Asibitin Gumel.