Hannu Nawa Ke Kan Yaro? Reno Daga Jego Zuwa Yaye a Gidan Bahaushen Birni



An nemi in yi magana a kan tarbiyyar ƙananan yara. Na roƙi arziki a bar ni in tsaya a kan shekara biyu zuwa uku na farko kawai, wato daga yankan cibi zuwa bayan yaye, domin a wannan tsakanin ne gidan Bahaushe ya fi sauyawa, mu kuwa ba mu taɓa zama mun yi lissafin abin da ya sauya ba.

Zan fara da abin da idona ya gani. A farkon aurena mun zauna a wani gidan haya a Kano, ciki da falo huɗu a jere, ƙofa ɗaya. Maƙwabciyata yarinya ce da ba ta wuce shekara 23 ba. Maigidanta yakan fita Kantin Kwari tun da safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Wata hantsi na leƙa aron wuƙa, na tarar da ita da goyon ɗan wata takwas, yayarsa mai shekara biyu da rabi ta riƙe mata gefen zane tana tsala kuka, wake na ƙoƙarin kamawa a kan risho, ga mai ruwa yana buga ƙyaure yana jiran kuɗinsa. Ta zaro waya daga ƙugu, ta kunna wa yarinyar wani wasan zane, ta danƙa mata. Kuka ya ɗauke ɗif, kamar an kashe famfo. Ta dube ni ta ce, "Anti, wallahi in ba haka na yi ba, ko sallah ba zan samu in yi ba." Bayan kwana biyu surukarta ta zo daga ƙauye, ta ga jikar da waya a hannu, ta juyo gare ni tana taɓe baki: "Ke dai bari, 'yata. Yaran yanzu ba su iya reno ba."

Na daɗe ina juya maganar tsohuwar nan. Abin da na tsaya a kai shi ne: ba iyawa ce ta ragu ba, hannuwa ne suka ragu. A gidan da na tashi, na ƙirga mata shida da za su iya sunkutar jariri ba tare da neman izinin uwarsa ba: kakarmu, matan baffannina biyu, abokiyar zaman mahaifiyata, wata goggo da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da yayarmu. Maƙwabciyata kuwa hannu biyu gare ta, da waya.

Yadda aka raba nauyin a da

Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai lura da abu guda: Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi reno, ta yi riƙo, ta aurar. A wancan tsari, haihuwa daban, reno daban, kuma ba lallai ne mace ɗaya ta haɗa su ba.

A dubi yadda al'ada ta jera abin. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego na kwana arba'in ba ta ɗora tukunya ba. Ungozoma na nan, masu dafa ruwa na nan. Bayan arba'in, akwai 'yar reno, yawanci ƙanwa ko 'yar wani ɗan uwa, wadda jariri zai wuni a bayanta tana 'yar gala-gala da ƙawayenta. Ranar yaye a ɗauki yaro a kai wa kaka, ya yi kwanaki ko watanni a can har ya manta da nono. Wani ma ba ya dawowa, ya zama ɗan riƙo. Hatta kunyar ɗan fari, wadda 'yan boko muke yi wa dariya, aiki take yi. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, tana shelanta wa dangi ne cewa yaron nan naku ne, ku zo ku ɗauka. Suna kuwa ɗauka. Kaka ta kira jikanta “mijina”, ta tsokane shi, ya rama, a cikin wannan wasa bakinsa yake buɗewa. Da dare ita ce mai Gizo da Ƙoƙi.

Abubuwa da dama suka taru suka kwance wannan ɗauri. Gandu ya watse yayin da samari suka bar gona suka shigo birni neman albashi da kasuwa. Filin gida ya tsuke, kowa ya koma haya ko ya yanki fuloti a bayan gari, nesa da tsohuwarsa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da na UBE da ya biyo baya a 1999 sun ɗauke 'yar reno zuwa aji, kuma daidai ne su ɗauke ta, ba ni da ja a nan ko kaɗan. Sai dai babu wanda ya tambaya: to wa zai maye gurbin bayanta? Aikin bai ragu ba, ma'aikatan ne suka watse. Zargin kuwa, da a da ake rabawa gida guda, yanzu kacokan ya tattara a kan uwa.

Kada a ce ina kukan zamanin da

Wajibi ne in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce na ce a koma jiya. Hannuwan nan masu yawa sun yi ɓarna su ma. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya da kewaye, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Iyayenmu da ƙauna suka yi, amma mata sun kumbura, wasu sun tafi. Haka matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Haka ɗura wa ɗan kwana uku ruwa da jiƙe-jiƙe. Haka kiran wanzami ya cire beli da askar da ba a dafa ba.

Yaye ma, yadda ake yin sa dare ɗaya, akwai gyara. A shafa wa nono ɗaci, a raba yaro da uwarsa farat ɗaya, a sa shi gaba da koko tsararo. Sau da yawa ma ba lokaci ne ya yi ba, kwanika ce ta tilasta, tunda an yi imani nonon mai ciki guba ne ga na goye. Ba mu kaɗai muka san wannan ciwo ba. Kalmar kwashiyoko da likitocin duniya ke amfani da ita daga harshen Ga na ƙasar Gana ta fito, Dakta Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitanci a 1935, ma'anarta kuwa ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda zuwan ƙaninsa. Mu tamowa muke cewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Wannan yankin ne fa ke noma gero da wake da gyaɗa da waken suya. Binciken ya kuma nuna kashi 29 ne kacal na jariran ƙasa da wata shida ake ba nono zalla. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma a cikin ayar nan ɗaya ya ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uban yaro. Mun haddace rabin farko muna karanta wa mata. Rabi na biyu ba kasafai ake jin sa a wa'azin suna ba.

Ina uban yake?

A nan nake so in daɗe, ko da shugaban zaman nan zai fara duban agogo. Idan kaka tana ƙauye, goggo tana nata gidan, yaya tana makaranta, babban mutum ɗaya ne ya rage a gidan ban da uwa, wato uba. Amma shi an rene shi a kan cewa iyakarsa cefane da ragon suna. Da yawa daga cikin mazajenmu ba mugunta ce ke hana su ɗaukar jariri ba, kunya ce da rashin sabo, da tsoron kada abokai a majalisa su ce ya zama mijin ta ce. Mutum zai zauna a teburin mai shayi daga magariba har goman dare yana warware rikicin Gabas ta Tsakiya, alhali a ɗakinsa akwai wadda rabonta da barcin awa uku a jere tun ranar suna.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta namiji idan matarsa ta haihu. Na so a ce an tambayi waɗanda suka karɓa yadda suka kashe kwanakin. Zargina shi ne rabon goro da karɓar barka sun cinye mafi yawa. Dokar ƙwadago ta ba mace mako 12, jihar Kaduna kuma ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019. Abin a yaba ne. Sai dai mai ƙosai da mai kitso da mai ɗinkin hula, waɗanda su ne mafi yawan iyayen yaranmu, babu mai ba su hutu. Hutunsu ɗaya ne: wani ya karɓi yaron na awa guda.

Game da waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin a fili yake. Yaro da amsa-kuwwa yake koyon magana: ya yi gwaranci a mayar masa, ya nuna akuya a ce masa “akuya”. Waya tana magana, amma ba ta saurare. Na yarda da shawarar ɗari bisa ɗari. Amma in na je na karanta wa maƙwabciyata ita ba tare da na miƙa hannu na karɓi yaron ba, na zama surukarta ke nan, da digiri.

Abin da nake roƙo ƙanana ne. Ma'aikatan awo da na rigakafi su riƙa cewa a zo da kaka ko suruka, domin ita ce mai yanke hukunci a kan dakashi da ruwa da ranar yaye; an daɗe ana koyar da wadda ba ta da iko, ana barin mai ikon a gida. Limamai su karanta ayar nan har ƙarshenta ranar suna, lokacin da uban ke zaune a sahun gaba. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda babu unguwar da ba su kai ba, su ware ɗaki guda da tabarma da dattijuwa ɗaya ko biyu da za a riƙa biya, ko da na awa biyu ne.

A gidan hayar nan da na ambata, daga baya mu huɗu muka yi wani abu mai kama da adashi, sai dai ba na kuɗi ba. Kowace rana ɗaya takan kwashi yaran gidan duka daga hantsi zuwa azahar, sauran su yi wanki, su je awo, ko su rufe ƙofa su yi barci. Ranar Talata ce tawa. Mun yi wata bakwai a haka, har mai gidan ya ƙara kuɗin haya, biyu daga cikinmu suka tashi.