Laccar Dangamaji: Awa Nawa Ne Zuwa Jidda?



Yau maganar jirgin alhazai za mu yi, domin da yawa a cikinku shekara da shekaru kuna tara kuɗin albasa da na shinkafa don ku biya kujera, amma ba wanda ya taɓa zama ya gaya muku tsawon hanyar da kuka saya.

To, ku saurara. Daga filin jirgin sama na Birnin Kebbi zuwa na Jidda, in an miƙe sak, kilomita 3,800 ne ko kusa da haka. Watau kamar mutum ya tashi daga Jega zuwa Birnin Kebbi sau 100. Daga Kano ya fi kusa, wajen kilomita 3,400. Babban jirgi yana cin kilomita 850 a awa guda, saboda haka da tashi da sauka tafiyar ba ta wuce awa 5 ba. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, shekaru suke yi, waɗansu ma can suka zauna har yau jikokinsu na nan.

Sai batun agogo, wanda ke ruɗa mutane. Ƙasar Makka ta riga mu da awa 2. In jirgi ya tashi da ƙarfe 10 na dare, zai sauka ƙarfe 3 a agogonmu, amma a Jidda ƙarfe 5 ne na asuba. Wanda ya dubi takarda sai ya ce awa 7 aka yi. A'a, biyar ce. Ku gaya wa na gida, kada su zauna cikin zullumi.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Hanyar nan ta samaniyar Sudan take bi kafin ta tsallake Bahar Maliya. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe samaniyarta. Dole jirage suka yi kewaye, tafiya ta ƙaru da awa 2 ko fiye. Jirgi kuwa mai yake sha, kowace awa kuɗi ce. Nan take kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji, bayan mutane sun riga sun biya.

Ba mu ce ƙarin ba shi da dalili ba. Mai lodin albasa ya sani, in gada ta karye direba ya zagaya, kuɗin mota kan hau. Amma ran da aka gyara gada, ai yakan sauko! Don haka duk shekarar da aka faɗa muku kuɗin kujera, ku je ofishin alhazai ku tambaya: nawa ne na jirgi a ciki, ta wace hanya zai bi, awa nawa zai yi? Ku tafi ku biyu ko uku, kuma ku ce a rubuta muku.