Hannun Roba Mai Batir: A Yi Tambaya Kafin A Biya

 

Mu mazauna Kudu mun san yadda haɗarin mota, injin niƙa da ɗorin da ya ruɓe suke raba mutum da hannunsa, kuma a ƙarshe ƙungiya ce ke karo-karo a saya masa na roba. Yanzu ana ta maganar hannu mai batir. To, kafin mu zuba kuɗin jama'a, ya kamata mu san yadda yake aiki.

Duk lokacin da tsoka ta ɗaure, takan fitar da 'yar wutar lantarki ƙanƙanuwa. A cikin kwasfar da ake zura dungu akwai 'yan ƙarafa biyu manne da fata. Ɗaya na jiran tsokar da ke dunƙule hannu, ɗaya na jiran mai buɗewa. Da sun ji saƙo, sai ɗan inji ya motsa yatsu. Ba yau aka fara ba: wani Bajamushe, Reinhold Reiter, ya bayyana irinsa tun 1948, kuma a 2007 aka fito da i-LIMB, mai inji a kowane yatsa.

Amma jama'a, ɗakin likita daban, kasuwa daban. Na farko zufa, ga mu a ƙasar gumi. In fata ta jiƙe saƙon yakan rikice, hannun ya ƙi buɗewa ko ya saki abin da ya riƙe. Na biyu, dungu yakan kumbura ko ya rame, kwasfa ta yi sako-sako, ƙarfen ya goce daga gurbinsa. Na uku, in mutum ya ɗaga hannu sama don sauko da kaya, ko tsoka ta gaji da yamma, saƙon yakan canza. Sannan yawancinsu ba sa ba mutum jin abin da ya kama, sai ya sa ido. Ba sa son ruwa da ƙura, ga caji kusan kullum, mun kuwa san halin wuta.

Akwai abin lura. A 2016 an yi gasar Cybathlon a ƙasar Suwizalan, inda masu hannun roba suka yi tseren ayyukan gida. Wanda ya ci, Robert Radocy, ba mai batir ya ɗaura ba. Nasa irin mai waya ne da ake ja da motsin kafaɗa. Ba girin-girin ba, ta yi mai!

Ba kushe mai batir muke ba. Ga mai aikin tebur a inuwa yana da amfani, kuma ba ya gajiyar da kafaɗa. Amma ga ɗan dako, mahauci ko mai goro, a yi tunani.

Shawararmu ita ce, a fara kai ɗan'uwa asibitin ƙashi, na Igbobi a Legas, ko na Inugu, ko na Dala a Kano, a faɗa wa masana ainihin sana'arsa. A tambaya: in ya lalace wa zai gyara, kuma a wane gari? Nawa ne batir da safar da ke rufe shi? Za a bari ya gwada shi cikin rana kafin a cika kuɗi? Mu 'yan kasuwa mun sani, sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma nagari a nan shi ne wanda zai bi umurni da azahar kamar yadda ya bi da safe.

Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.