ALLURAR AWON SUKARI: INDA HAƊARI YA KE, DA INDA BABU SHI

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu



Maƙasudin wannan jawabi shi ne bayani bisa wata 'yar allura wadda tsininta bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, watau allurar da a ke huda yatsa da ita don a auna sukarin da ke cikin jinin mutum. A zamanin nan ba sai an je babban asibiti a ke ganinta ba. Ana ganinta a asibitin ƙauye, da shagon mai sayar da magani, da gidajen masu ciwon sukari, har ma a bakin kasuwa, ran da wata ƙungiya ta zo yi wa jama'a awo kyauta. A irin wannan rana mutane su kan kasu biyu. Wani ya ja da baya, ya ce shi ba za a soke shi a sa masa cuta ba. Wani kuwa ya miƙa yatsa yana ta hira, bai ko dubi abin da aka soke shi da shi ba. Duka biyun sun yi kuskure, kuma Hakimi ya fi kowa ikon gyara su, gama shi a ke neman izninsa kafin a kafa tebur, shi kuma za a kawo wa kuka in abu ya ɓaci.

DALILIN AWO

Ciwon sukari ba ya shigowa da ganga. Ya kan yi shekaru cikin jiki mai shi bai sani ba, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. In ya bayyana, alamunsa su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari musamman da dare, da rama ba dalili, da miki wanda ya ƙi warkewa. Wani sai ya ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Asalinsa kuwa shi ne, akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda a ke bukatarsa. In ruwan nan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru cikin jini. A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka samo shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa majinyaci allurarsa a 1922. Shi ya sa a ke tunawa da wannan ciwo kowace shekara ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting.

Ba a sanin yawan sukari da ido, sai da awo. Wanda aka auna da safe kafin ya ci kome, aka sami 126 ko fiye, ko aka auna shi a kowane lokaci aka sami 200 ko fiye, lalle ya je asibiti a sake yi masa awo don a tabbatar. Wasu na'urori suna lissafi da wani ma'auni dabam, a nan adadin biyu su ne 7.0 da 11.1. Wanda ya ƙi awo saboda tsoron allura, ya bari sai da ciwo ya kai shi ga makanta ko yanke ƙafa, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

INDA BABU HAƊARI

Abu na farko da ya kamata jama'a su ji daga bakin Hakimi shi ne, sabuwar allura ba ta ɗauke da cuta. Tun a masana'anta a ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, a rufe tsininta da murfi, ba a karya murfin sai lokacin aiki. Cutar da ke bin jini ba ta fitowa daga ƙarfe, daga jinin wani mutum ta ke fitowa. Saboda haka mai ciwon sukari wanda ke da na'urarsa a gida, ba ya ba kowa aro, ba zai sa wa kansa ciwon hanta ko ƙanjamau ba, ko da kullum ya ke awo.

Abin da ya rage masa shi ne tsabtar yatsa, gama miki ba ya saurin warkewa a jikinsa. Sai ya wanke hannu da ruwa da sabulu, ya bari ya bushe. Wankin nan yana da amfani biyu: yana kawar da dauɗa, yana kuma hana na'ura yin ƙarya, don wanda ya taɓa dabino ko rake ko mangwaro, sauran zaƙin da ke yatsansa zai sa adadi ya hau. Ya huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya riƙa sauya yatsa, ya danne wurin da auduga mai tsabta. Ya sauya allura kowane awo, don wadda aka maimaita ta kan dakushe, ta fi zafi, ta fi yaga fata. In wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zogi, ko ya tara mugunya, to, a je asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

INDA HAƊARI YA KE

Haɗari yana farawa ne sa'ad da jinin wani ya sami hanyar shiga jikin wani. Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Cuta uku a ke tsoro a nan, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Likitoci sun yi lissafi bisa ma'aikatan asibiti waɗanda allurar da aka yi wa mai cuta ta soke su. Ga ƙanjamau, wajen mutum 1 cikin 300 ke kamuwa. Ga ciwon hanta nau'in C, bai kai mutum 2 cikin 100 ba. Amma ga ciwon hanta nau'in B, in ba a yi wa mutum rigakafi ba, daga mutum 6 har zuwa 30 cikin 100 su ke kamuwa. Watau wadda jama'a suka fi tsoro ita ce mafi wuyar kamuwa ta wannan hanya, wadda ba su cika ambato ba kuwa ita ce mafi sauƙi.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a 1965, tana da yawa ƙwarai cikin jini, tana kuma da taurin rai. Ta kan yi kwana 7 ko fiye cikin busasshen jini, ko da ɗigon bai kai ido ya gan shi ba. A ƙasar nan kuwa ba baƙuwa ba ce. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Ashe in mutum 100 suka yi layi a kasuwa, da wuya a rasa mai ita a cikinsu, ga shi kuwa da ƙoshin lafiya a ido.

A nan ne ya kamata a lura da wani abu da ya kan shige wa mutane. Allurar awo iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa cikin 'yar robarta, a danna sau ɗaya, tsinin ya koma ciki, ba ya sake fitowa. Ita ce ta dace da taron jama'a. Akwai kuma wadda a ke sa wa cikin wani abu mai kama da alƙalami, shi ke harba ta. Wannan alƙalami na mutum ɗaya ne tak. Ko da an sauya allurar da ke cikinsa, jini ya kan saura a bakinsa inda ya taɓa yatsa. Haka nan ita kanta na'urar, in an yi wa wani awo da ita, tilas a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ta je ga na gaba.

Kada a zaci wannan zancen littafi ne kawai, ko kuwa abin da ke samun ƙasashe matalauta kaɗai. A shekarar 2010, a jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, a wani gida da a ke kula da tsofaffi, ma'aikata suka riƙa yi wa masu ciwon sukari awo da kayan da ba a ware wa kowa nasa ba. Mutum 8 suka kamu da ciwon hanta nau'in B, 6 daga cikinsu suka rasu. A wannan shekara hukumomin lafiya na Amurka suka fitar da gargaɗi cewa kada a yi wa mutum fiye da ɗaya aiki da abin huda yatsa guda.

IN ALLURAR WANI TA SOKI MUTUM

Wannan ya kan faru ga malamin asibiti, ko matar da ke jinyar mijinta, ko mai shara, ko yaro mai tonon juji. An ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, amma ta cikin juji ba rabo ba ce. Wanda abin ya sama, ya wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu. Kada ya tsotsa da baki, kada ya tsaga, kada ya zuba kalanzir ko toka. Sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau, ana shan sa kwana 28, amma tilas a fara cikin sa'a 72, kuma farawa cikin sa'o'in farko ya fi. Akwai allurar da ke tare ciwon hanta nau'in B, ita ma an fi so a yi ta cikin sa'a 24. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Likita ne zai duba ya ga wanne ya kamata. Abin da ba shi da magani a nan shi ne jinkiri.

Mafi kyau duka shi ne rigakafi tun kafin abu ya faru. Rigakafin nau'in B ga manya allura uku ce cikin wata 6. Nijeriya ta sa shi cikin rigakafin jarirai a 2004, ana kuwa son a yi na farko cikin sa'a 24 da haihuwa, gama jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar ta kan zauna musu har girma. Wanda aka haifa kafin 2004 ya nemi a gwada shi, in ba shi da ita a yi masa allura.

AIKIN HAKIMI

Na farko, duk masu son yin awo cikin ƙasarsa su nuna takardar izni daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Na biyu, ya tura wakili ya gani da idonsa: ana karya murfin sabuwar allura a gaban kowane mutum? Ana sauya safar hannu, ana wanke hannu? Akwai akwatin zuba allura? In aka ga alƙalami guda yana bin layi, a tsai da aikin cikin mutunci, a sanar da hukumar lafiya. Na uku, kada baƙi su tashi su bar allura a ƙasa. Masu awo a gida kuma su riƙa tara nasu cikin gora mai kauri da murfi, in ta kusa cika a kai asibiti. Na huɗu, ya kira Sarkin Aska da masu yankan farce, gama hukuncin aska da ƙaho da reza ɗaya ne da na allura. Na biyar, in ya ga an cika sharuɗɗa, ya fara miƙa nasa yatsan a gaban jama'a.

Kada a raina wannan na ƙarshe. An ga yadda jita-jita ta tsai da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003, an kuma ga yadda sarakuna suka tsaya har aka shaida, cikin watan Agusta na 2020, cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Abin da talaka ya ga Hakiminsa ya yi, ya fi abin da ya ji a rediyo.

AIKIN MAGATAKARDA

Magatakarda ya rubuta cikin littafi ranar da aka yi awo, da wurin, da sunan ƙungiyar da shugaban aikin, da yawan waɗanda aka auna, da inda aka kai allurar da aka yi aiki da ita. Wani zai ce mene ne amfanin wannan wahala? Amfaninta shi ne, ciwon hanta nau'in B ya kan yi wata 1 har zuwa wata 6 kafin ya nuna kansa, da zazzaɓi, da kasala, da idanu su yi rawaya irin na shawara. Kafin nan baƙi sun daɗe da tafiya, kowa ya manta. In mutum uku ko huɗu suka kwanta a gari guda, littafin nan ne kaɗai zai nuna wa likita inda zai fara bincike.

Amma fa sakamakon awon mutum sirrinsa ne, ba a karanta shi a fada. Kuma kada a ƙyamaci wanda aka samu da ciwon hanta, gama ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin tuwo akushi ɗaya, ko cizon sauro.

Abin da a ke roƙo shi ne, kowane Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya karanta musu wannan takarda, su kuma su isar wa jama'a da kalma guda: a yi awo, amma kowa da allurarsa, kowa da alƙalaminsa. Allah ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.