Masu Haƙar Ma'adinai Sun Zo: Mu Tambaye Su Zancen Ruwanmu



Yau zancen ruwa za mu yi. A shekarun nan masu haƙar zinariya da kuza da dutsen batir da ake kira litiyam suna shiga ƙauyukanmu. Ba mu ƙi zuwansu ba, gama yaranmu suna samun aiki. Amma haƙar ma'adinai tana shan ruwa da yawa, ruwan da aka wanke dutse da shi kuma dole ya koma wani wuri. Idan ba mu tambaya ba, rijiyarmu da rafinmu zai koma.

Waɗanda suka san Bukuru da Barkin Ladi sun ga manyan kududdufan da kamfanonin kuza suka bari tun zamanin Turawa. Kamfanonin sun tafi, ramukan suna nan. Wasu ana noman rani da ruwansu, wasu kuwa sun ci ran mutane da dabbobi.

Abin da ya faru a Zamfara ya fi wannan ciwo. A shekara ta 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma. Dutsen zinariyar wurin yana haɗe da dalma. Ana kawo shi cikin gida a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa inda yara suke rarrafe, ana kuma wanke garin a kududdufan da mutane da dabbobi suke amfani da su. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira, cikin jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ku riƙe wannan da kyau: dalma ba ta sauya launin ruwa, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. Sai an auna a ɗakin gwaji ake sani.

Manyan kamfanoni sukan buga rahoto kowace shekara, su faɗi yawan ruwan da suka ɗiba, wanda suka sake amfani da shi, da wanda suka zubar. Wannan abu ne mai kyau. Amma kamfanin ne yake rubuta shi da kansa, da Turanci, sau da yawa kuma yakan haɗa lissafin wurare da dama wuri ɗaya, har ba za ka ga sunan rafinka a ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta hana gurɓata ruwa. Ta kuma ce kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki, sai ya yi yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin, a riƙa sake duba ta bayan kowace shekara 5. Don haka kada mu bar zancen a hannun mutum biyu ko uku. Kafin a sa hannu, mu tambaya a gaban kowa:

1. Daga ina za ku ɗebi ruwa, nawa kuma a rana, musamman da rani?
2. Ina ruwan wankin dutse zai tafi?
3. Wa zai auna rijiyoyinmu kafin a fara aiki, sau nawa kuma bayan haka?
4. Wa zai cike ramuka idan kun gama?

A rubuta amsoshin cikin yarjejeniyar, a karanta mana da Hausa ko da harshenmu.

Mu ma muna da namu aikin. Mu sayi littafi ɗaya, mu ba mata biyu da matasa biyu, gama mata ne suka fi sanin halin rijiya. Kowane wata su auna zurfin ruwa da igiya, su rubuta ranar, su rubuta in kifi ya mutu ko dabba ta ƙi sha. Ran da kamfani ya kawo rahotonsa, mu ajiye namu kusa da shi. In ba su yi daidai ba, mu kai wa mai gari da ofishin ma'aikatar ma'adinai da ke jiharmu.

Waɗanda kuma suke haƙa da hannu a cikinmu, muna roƙonku, kada ku kawo dutse gida, kada ku niƙa shi a injin hatsi, ku yi wanka ku sauya tufafi kafin ku ɗauki yaro.