Wayar da Ta Tsaya a Bakin Teku



Tun shekarar 2010, sa'ad da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, wato Main One da Glo-1, suka fara aiki daga gaɓar Legas, aka yi ta bushara cewa ilimin zamani ya zo ƙofar kowa. Amma har yau ɗalibin ƙauye, wanda jarrabawar JAMB ta wajabta wa zama gaban kwamfuta, sai ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin saƙo guda ya shigo masa. Daga cikin sabubban wannan jinkiri akwai harajin da gwamnatocin jihohi ke ɗora wa kamfanoni a kan kowace mitar ramin da za a binne wayar intanet don kai ta cikin ƙasa, alhali an yi ittifaƙi a kan Naira 145 kacal. Ekiti, wadda a da take karɓar Naira 4,500, ta sauko zuwa wannan adadi a 2020, Kaduna kuwa ta yafe shi ɗungurungum, kuma a ganina hakan shi ne daidai, domin kamfani ɗan kasuwa ne, ba zai kai waya inda kuɗin haƙa ya cinye masa riba ba. Saura kuma wutar lantarki, wadda rashinta ke tilasta wa turakun sadarwa dogaro da man dizal mai tsada.