RIJIYOYIN AWO: TSARE RUWAN SHA DAGA SHARA MAI GUBA

Jama'a, jawabin yau ya shafi ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasa, watau wanda rijiyoyin gida da na burtsatse ke ɗiba. Idan kogi ya gurɓace, launinsa ko warinsa kan tona asiri. Amma guba takan yi shekaru tana tsiyaya cikin ƙasa daga inda aka jibge sharar masana'antu, ba wanda ya sani, sai cuta ta bayyana.

Nijeriya ta ga wannan haɗari da idonta. A shekarar 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya, aka jibge a garin Koko, wanda yake cikin Jihar Delta a yanzu. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara ba bisa ƙa'ida ba. Haka kuma a 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni ya nuna cewa rijiyoyin Ogale na ɗauke da benzin, sinadari mai haddasa ciwon daji, fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita. Mutane kuwa sun daɗe suna shan ruwan.

Hukunci bayan ɓarna ba ya mayar da ruwa garau. Saboda haka ake bukatar rijiyoyin awo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana gangarawa sannu a hankali, daga tudu zuwa kwari. A Amurka, ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashin dokar shara ta 1976 sun wajabta wa mai majibgar shara mai guba ya haƙa aƙalla rijiya ɗaya ta inda ruwan ke fitowa, da uku ta inda yake nufa. Ana ɗibar ruwa lokaci-lokaci, a auna, a kwatanta. In ruwan ƙasa ya fi na sama dalma ko wani sinadari, to, majibgar tana yoyo, kuma wajibi ne mai ita ya sanar da hukuma, ya gyara da kuɗinsa. Ko an rufe wurin, awon kan ci gaba har shekara 30.

A nan gida, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ce ke tilasta bin dokokin muhalli, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin kare ingancin ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Amma doka a takarda ba ta tsare rijiya sai an haƙa, an auna, an bayyana sakamako ga jama'ar da ke maƙwabtaka da wurin.

Don haka ana kira ga masu masana'antu, musamman majemai da masu rini da masu narka tsofaffin batura, da su riƙa auna ruwan kewayensu. Masu unguwanni da dagatai su hana haƙa rijiyar sha dab da majibgar shara. Duk wanda ya ga ana binne ganguna a ɓoye, ko ruwan rijiyarsa ya sāke ɗanɗano, lalle ya kai rahoto ofishin muhalli mafi kusa ba tare da jinkiri ba.